Dafin Ƙwayar Sanƙarau: Aikin da Aka Yi a Zariya da Abin da Ya Iso Zamfara

Tsakanin watan Fabrairu da Afrilun 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na Kowa, wato MSF, tare da jami'an lafiya na Zamfara, suna zagaya ƙauyuka suna sa ido kan sanƙarau, kamar yadda aka saba yi idan bazara ta kawo jiki. A wannan zagayen ne suka ci karo da labarin yara ƙanana sama da 200 da suka yi fama da jijjiga a ƙauyuka huɗu. Yaro ya yi amai, ya shiɗe, jiki ya sandare, kafin a farga ya cika. Duk wanda ya san ƙasar nan a watan Maris, abu biyu zai fara zargi: sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro. An ba da maganin duka biyun, yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka ɗebi jini aka aika Turai, sakamako ya dawo da sunan da ba a yi tsammani ba, gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a tsakar gidaje. A Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, binciken da aka yi gida-gida ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda.

Waɗanda suka fara zargin sanƙarau ba su yi laifi ba. Tana cikin cututtukan da ke kashe yaro da irin wannan gaggawa a ƙasarmu. Amma yadda aka yi har likita ya iya cewa "wannan ita ce, wannan ba ita ba ce," da yadda aka gane abin da ke yin kisan a cikin jiki, yana da tarihi mai tsawo, kuma wani babban yanki nasa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Tudun Wadan Zariya aka rubuta shi, a jikin 'ya'yanmu.

Wani likita ɗan Ostiriya, Anton Weichselbaum, shi ya fara ware ƙwayar sanƙarau a 1887. Shekara biyar bayan haka, a cibiyar Robert Koch da ke Jamus, Richard Pfeiffer ya lura da wani abin mamaki yana aiki kan ƙwayar kwalara. Ya kashe ƙwayoyin da zafi, ya yi wa dabbobi allurarsu, sai dabbobin suka mutu duk da haka. Ashe gawar ƙwayar ma tana kisa. Ya fahimci cewa akwai dafi a jikin ƙwayar kanta, wanda tafasawa ba ta lalata shi, daban da gubar da wasu ƙwayoyi ke fitarwa suna da rai. Wannan dafin shi ake kira endotoksin. A shekarun 1950 Otto Westphal da Otto Lüderitz suka tace shi, suka nuna cewa haɗin sukari ne da kitse a ɓawon wajen ƙwayar, kuma ɓangaren kitsen ne ke ɗauke da sharrin. Ƙwayar kwalara tana da shi, ta taifot tana da shi. Ta sanƙarau kuwa ta fi su iya zubar da shi, domin tana hayayyafa a cikin jini tana sakin gutsattsarin ɓawonta ba ƙaƙƙautawa.

A wannan lokacin cutar ta riga ta zama 'yar gida a nan. Rahoton babbar annoba ta farko a Arewa ya fito ne a 1905, daga Zungeru da Yola. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da annobar ke yawan faɗawa a kudu da Sahara, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyarsa.

Brian Greenwood, wanda aka haifa a Ingila a 1938, ya fara zuwa Nijeriya ne a 1965, ya kama aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. Abin da ya fara ɗaukar hankalinsa can shi ne ƙarancin cututtukan da jiki ke yaƙar kansa da kansa, irin wani nau'in ciwon gaɓoɓi da ya yi yawa a Turai. A 1968 ya wallafa hasashensa cewa yawan fama da zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan ƙasashe masu zafi tun yarinta yana sauya halin garkuwar jiki. Ya koma gida ya ƙaro ilimin garkuwar jiki, sannan a 1970 ya taho Zariya, inda ake kafa sabuwar tsangayar likitanci, Farfesa Eldryd Parry yana shugabancin sashen. Shekara goma ya yi a can.

Zariya ba ta bar shi ya zaɓi abin da zai bincika ba. Kowace shekara, da hunturu ya ja baya zafi ya kunno kai, ɗakunan asibiti sai su cika da masu sanƙarau. Aikin farko shi ne a tabbatar da cutar. Ana kwantar da yaro ta gefe, a naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a sunkuyar da kansa, a soka allura tsakanin ƙasusuwan baya a ɗigo ruwan laka cikin kwalba. Na mai lafiya garau yake fitowa; na mai sanƙarau ya gurɓace, fari-fari. Amma gurɓacewa ba ta faɗin wace ƙwaya ce, alhali ƙwayar namoniya ma tana kawo sanƙarau. Kiwon ƙwayar a ɗakin gwaji yana cin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan an riga an yi wa yaro allurar fenisilin a wani wuri, sau da yawa ba abin da zai tsiro.

Ƙwayar sanƙarau tana sanye da wata riga ta sukari a saman ɓawonta, kuma da wannan rigar ake raba ta gida-gida: A, B, C, W da sauransu. Gutsattsarin rigar suna narkewa a ruwan laka ko da ƙwayar ta mutu. A 1971 Greenwood da abokin aikinsa Hilton Whittle suka wallafa hanyar kama waɗannan gutsattsari. Ana shafa wa ɗan gilashi wani abu mai daskarewa, a huda ramuka biyu ƙanana kusa da juna. A ɗaya a zuba ruwan lakar majinyaci, a ɗayan a zuba ruwan jinin dabbar da aka riga aka yi wa allurar ƙwayar. Sai a saki wutar lantarki kaɗan. Abubuwan biyu su doshi juna, inda suka haɗu sai wani siririn farin layi ya bayyana. Cikin kamar awa guda likita ya san abin da ke gabansa. Daga baya suka koma ga wata hanya da ta fi wannan sauƙi, wadda ba ta buƙatar wuta, ɗigo biyu ne kawai ake gaurayawa a duba ko sun dunƙule.

Wannan gwajin ne ya buɗe musu ƙofa zuwa abin da ya fi muhimmanci. Sun lura cewa idan aka sami gutsattsarin rigar a cikin jinin majinyaci, ba a ruwan laka kaɗai ba, to al'amarinsa ya fi tsanani. Ashe cuta biyu ce take tafiya da suna ɗaya. Akwai wadda ta tsaya a rufin ƙwaƙwalwa: ciwon kai, sanƙarewar wuya, gudun haske, kuma mafi yawan masu ita suna tashi idan an yi magani da wuri. Akwai kuma wadda ƙwayar ta mamaye jini. Wannan wani lokaci ko wuyan ba ya sanƙarewa. Yaro ya kwana lafiya, da hantsi zazzaɓi, da la'asar tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi, bugun jini ya faɗi. Jini yana tsattsafowa a ƙarƙashin fata, amma a baƙar fata ba a cika ganinsa ba, sai likita ya janye fatar ido ya duba ciki, ko ya buɗe baki ya leƙa ganɗa. A 1976 Greenwood da Whittle da I. I. Onyewotu suka nuna cewa a jinin irin waɗannan majinyata, wani rukunin sinadaran garkuwa da ke farfasa ƙwayoyin cuta yana raguwa ƙwarai, alamar cewa an tayar da shi gaba ɗaya har ya kusa ƙarewa.

Tun kafin nan, a 1973, sun bayyana wani abu da ya daɗe yana rikita masu jinya. Majinyaci ya fara samun sauƙi, ya kwana biyar ko shida a kan magani, sai zazzaɓi ya dawo, gwiwa ta kumbura, ƙuraje su fito. Wanda bai sani ba zai ce magani ne bai ci ba. Sun janyo ruwan gwiwar, ba ƙwaya mai rai a ciki. Abin da suka samu shi ne ragowar ƙwayar manne da makaman da jiki ya ƙera don yaƙarta, sun dunƙule sun maƙale a gaɓa suna ta da kumburi. Cutar ta tafi, garkuwar jiki ce ta ci gaba da ɓarna.

A ganina nan ne nauyin aikin Zariya yake. Dafin da Pfeiffer ya gano ba ya cin nama yadda dafin maciji ke yi. Tayar da jiki yake yi. Idan ya shigo kaɗan, jiki ya amsa da zazzaɓi, ya tura fararen ƙwayoyin jini inda ake buƙatarsu, wannan alheri ne. Idan ya cika jini gaba ɗaya, sai abin ya zama kamar garin da aka kwarma wa ihun ɓarawo cikin duhu, kowa ya fito da makami, aka yi ta saran juna. Jijiyoyi su saki, ruwa ya tsiyaye daga cikinsu, jini ya daskare a ƙananan hanyoyi har sinadaran daskarewa su ƙare, sannan ya riƙa zuba inda bai kamata ba. Shi ya sa fenisilin kan kashe ƙwayar tas, yaro kuma ya rasu.

Likitocin Zariya sun ga wannan da idonsu, sun auna abin da kayan aikinsu suka ba su damar aunawa. Cikon bayanin daga wasu wurare ya zo. Wasu Amurkawa biyu, Frederik Bang da Jack Levin, sun gano cewa jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa yana daskarewa da ya taɓa endotoksin, kuma da shi ake auna dafin har yau. A 1985 Bruce Beutler da Anthony Cerami suka nuna cewa wani sinadari da jikin kansa ke yi, TNF, shi ne ɗan aiken da ke yaɗa ɓarnar. Cerami ya faɗo kan hanyar ne yana neman dalilin da ke sa dabbobi masu sammore ramewa, abin da duk makiyayin ƙasar nan ya sani. A 1987 Anders Waage da abokansa a ƙasar Nowe suka sami TNF a jinin masu sanƙarau da suka rasu, a 1989 kuma Petter Brandtzaeg ya nuna cewa gwargwadon yawan endotoksin a jini gwargwadon kusancin ajali. A 1998 Beutler ya gano maɓallin da dafin ke taɓawa a jikin ƙwayoyin garkuwa, TLR4, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2011. Duk da haka, magungunan da aka ƙera don toshe dafin ko toshe TNF ba su rage mace-mace ba a manyan gwaje-gwaje. Har gobe abin da ke ceto shi ne saurin ba da maganin kashe ƙwaya, da ƙarin ruwa, da jinya ta kusa.

Akwai wani reshe na wannan tarihin da ya shafi dalma kai tsaye. A 1966, a birnin Montreal na Kanada, Hans Selye da Beatriz Tuchweber da wani ɗan Hangari mai suna Lóránd Bertók, wanda ya ƙarar da rayuwarsa ta bincike a kan endotoksin, suka yi wa ɓeraye allurar wani gishirin dalma, gwargwadon da ba ya kashe su. Sai ya zamana endotoksin da ya kasa wanda aka saba da shi da kimanin ninki dubu ɗari ya isa ya hallaka su. Gwaji ne a kan ɓera, ta jijiya, ba a kan ɗan Adam ba, kuma yaran Dareta kumburin ƙwaƙwalwa da dalma ke kawowa shi ya kashe su. Amma ya isa ya sa likita ya ƙara kula idan yaron da jininsa ke ɗauke da dalma ya zo da zazzaɓi.

Irin wannan tunanin, cewa cuta ɗaya tana raunana jiki gaban wata, shi ma an gwada shi a Zariya. A 1972 Greenwood da abokansa suka nuna cewa yaro mai zazzaɓin cizon sauro ba ya amsa wasu allurai yadda ya kamata. A 1978, shi da W. A. Williamson suka yi wa yara masu zazzaɓin allurar taifot da ta sanƙarau, wasu a ranar da suka zo, wasu bayan mako, wasu bayan wata. Amsar da jiki ya ba allurar sanƙarau ba ta koma daidai ba har bayan wata guda. A Malumfashi kuma, inda suka riƙa shafo maƙogwaron mutane lokaci bayan lokaci, sun ga cewa ƙwayar sanƙarau tana yawo a tsakanin masu lafiya rani da damina. Ba ta ɓacewa idan ruwa ya sauka. Shiga jini ne take dainawa. Suka danganta wannan da bushewar iska da ƙura, masu fasa fatar cikin hanci da maƙogwaro. Abin da tsofaffi ke faɗa, cewa da ruwan fari ya sauka sanƙarau ta ɗaga, gaskiya ne, sai dai ƙwayar tana nan.

A 1977 annoba ta faɗa wa Zariya, aka kwantar da mutum sama da dubu ɗaya cikin wata uku. Allurar fenisilin sau huɗu ko shida a rana ga mutum ɗaya ba ta yiwuwa idan majinyata sun kai haka, ma'aikata kuma ƙalilan. Sai aka gwada allura guda ɗaya tak ta kuloramfenikol mai haɗe da mai, wadda ke daɗewa a jiki. Sunan da ke kan gaba a rahoton da aka wallafa a 1979 shi ne na Dakta Sadiq Wali, wanda daga baya ya zama likitan shugaban ƙasa, ya kuma shugabanci asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan allura ta zama abin dogaro a lokutan annoba a Afirka shekaru da dama, har wani gwaji da aka yi a Nijar, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa seftiriyazon na iya maye gurbinta. Tare da Musa Hassan-King kuma sun nuna cewa yi wa mutanen gidan majinyaci rigakafi da gaggawa yana hana cutar bin ɗaki-ɗaki.

Greenwood ya bar Zariya a 1980, ya shugabanci cibiyar bincike ta Birtaniya a Gambiya shekara 15, inda aka yi gwaje-gwajen gidan sauro mai magani, sannan ya koma makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Maganin zazzaɓi da ake rabawa yara gida-gida kowace damina a Zamfara, shi ma yana da hannu a binciken da ya haifar da shi. Bai kamata a ba da labarin kamar na Bature guda da ya zo ya tafi ba. Farfesa Idris Mohammed na Gombe, wanda ya taso a makarantar Zariya, shi ya jagoranci kwamitin yaƙi da annobar sanƙarau ta 1996, kuma rahoton da shi da abokansa suka fitar ya ƙirga mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu. A cikin wannan annobar ce kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, kuma Idris Mohammed yana cikin waɗanda suka fara ɗaga murya a kai. Shari'ar da gwamnatin Kano ta shigar ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 a 2009, amma amanar da aka zubar ta fi wannan tsada. Ta bi mu har zuwa rikicin allurar shan inna.

Tsohuwar allurar sanƙarau rigar sukarin ce zalla. Ba ta kama jikin jarirai sosai, kariyarta ba ta daɗewa, kuma ba ta hana ƙwayar zama a maƙogwaro. Da aka ɗaure sukarin a jikin wani furotin sai garkuwar jiki ta riƙa tunawa da shi. Haka aka sami MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. An fara ta a Disambar 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta biyo baya daga 2011. Wani bincike a Chadi, wanda Greenwood ke cikinsa, ya nuna cewa cutar ta ragu da kashi 94 cikin ɗari a inda aka yi allurar. Rukunin A, wanda ya cika asibitin Tudun Wada a 1977, ya kusa zama tarihi.

Sai rukunin C ya taso. Whittle da Greenwood sun taɓa ba da rahotonsa a Zariya tun 1975, amma wannan sabon iri ne, ya ɓulla a Sakkwato a 2013 da Kebbi a 2014, ya ƙetara Nijar a 2015. A Disambar 2016 ya kama wani ƙauye a ƙaramar hukumar Zurmi, sai 16 ga Fabrairun 2017 labari ya isa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a hukumance. Kafin annobar ta lafa a watan Yuni an ƙirga mutum 14,518 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, 1,166 sun rasu, kuma 7,140 daga cikin masu kamuwar 'yan Zamfara ne. Abin da ya fi ci mini rai a lissafin nan shi ne mutum 1,339 kaɗai aka yi wa gwaji. Shekara arba'in da shida bayan an nuna a Zariya cewa ɗan gilashi da wutar lantarki kaɗan sun isa a gane rukunin ƙwayar cikin awa guda, kashi tara cikin goma na majinyatanmu ba a ɗigi ruwan lakarsu an duba ba. Alhali ba a sakin allura daga rumbun ajiya na duniya sai an kai shaidar rukunin da ke yawo, don haka kowane mako da aka ɓata wajen tabbatarwa mako ne da allura ba ta taso ba.

A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, allura guda mai kariya daga rukuni biyar: A, C, W, Y da X. Ita ma Serum Institute ne ya yi ta, kuma an fara ta ne a jihohin Arewa da annobar waccan shekarar ta taɓa, cikinsu har da Jigawa da Yobe da Bauchi.